Tashin Babur Kowa Ya Iya, Tsayuwar Ce Sai An Koya

Mai karatu, in ka lura da kyau, a garin nan namu na Kano ba a koya wa mutum babur, tashinsa kawai ake koya masa. A kai ka filin wata makarantar firamare da la'asar sakaliya, a nuna maka kuloci, a nuna maka totur, a ce ka saki wancan a hankali ka murɗa wannan kaɗan. Da ka zagaya sau uku ba ka sha ƙasa ba, shi ke nan an yaye ka. Maganar yadda za ka tsaya kuwa, wannan an bar wa titi, shi kuma titi ba ya koyar da karatu sai ya karɓi fatar gwiwa, wani lokacin ma har da ƙashin.

Na fi shekara 20 a kan babur. Ban taɓa yin acaɓa ba, abin zuwa aiki ne da kai yara makaranta. Kullum ta Allah nakan taso daga Kabuga, in miƙe titin BUK, in wuce Ƙofar Famfo da Gadon Ƙaya da Ƙofar Na'isa da Ɗan'agundi, in ɓulla Gidan Murtala, daga nan in nufi Kantin Kwari inda nake riƙe wa wani shagon atamfa lissafi. Wata rana na sa kaina ƙirga sau nawa nake rage gudu ko in tsaya cak a wannan 'yar tafiyar, kafin in kai rabin hanya lissafin ya haura 30, na bar ƙirgar. Ka ga kuwa abin da mutum yake yi sau 60 ko fiye a zuwa ɗaya ya cancanci a zauna a yi magana a kansa. Balle kuma tun da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a Janairun 2013, Adaidaita Sahu ta cika titi, ita kuwa duk inda fasinja ya ɗaga hannu nan ne tasharta, ko da danjar baya ko babu.

Wanda ya fara ɗora ni a kan babur kawuna ne, Allah Ya jiƙansa da rahama, mutumin da ya yi zamani da Vespa, irin wadda giyarta take a hannun hagu, ka matse kuloci ka murɗa. Mutum ne mai natsuwa a titi, amma yana da aƙida guda da bai yarda a taɓa ba. Yakan nuna birkin hannu ya ce mini, "Ɗan nan, ka ga wannan? Ado ne. Ranar da ka taɓa shi, ranar za ka ci da ka." Ba shi kaɗai ba ne. Har gobe akwai masu zuwa gareji su ce a sassauta musu wayar birkin gaba, wasu ma a cire ta ɗungurungum. Ni dai tun a lokacin abin bai kwanta mini ba, nakan ce, "Kawu, to waɗanda suka ƙera shi me ya sa suka ɓata kuɗinsu suka sa?" Sai ya yi dariya ya ce Turawa ba su san yashin Kano ba.

Yana da 'yar gaskiyarsa game da yashi, zan zo wurin. Amma a kan busasshiyar kwalta zancen ba haka yake ba. Duk sanda ka rage gudu, nauyinka da na babur gaba yake tafiya, shi ya sa kake jin kan mashin yana nutsawa, wanda ka goya kuma yana matso ka. Tayar da nauyi ya danne ita ce mai riƙon ƙasa, wadda nauyi ya bari kuwa sai ta yi sakayau. Saboda haka mafi yawan ƙarfin tsayuwa a tayar gaba yake, masu koyar da tuƙi sukan ƙiyasta shi da kamar kashi 70 cikin 100. Wanda ya dogara da birkin ƙafa kaɗai, ya taka shi da ƙarfi, tayar baya ce za ta ƙame ta fara jan ƙasa, gindin babur ya karkace, ya bar baƙin layi a kwalta, ya je ya daki abin da yake gudun ya daka. A 1981 an fitar da wani bincike a Amurka wanda Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya jagoranta, inda suka bi diddigin haɗarin babur 900 a yankin Los Anjeles. Cikin abin da suka gano har da wannan: mahaya sukan cika taka birkin baya har taya ta ja ƙasa, su kuma yi ƙwauron na gaba. Sun kuma ce abin da mahayi yake samu tsakanin ganin haɗari da aukuwarsa yawanci bai kai daƙiƙa 2 ba. Wato dai tsoron kawuna ba na Kano kaɗai ba ne.

Abin da ke kayar da mutum fizgar birkin gaba ne, ba taɓa shi ba. Matsa shi ake yi kamar yadda ake matse lemo, a fara da sauƙi har nauyi ya sauka a kan tayar, sannan a ƙara. Ƙafar dama kuma tana tayawa daga baya, ba tare da ta danne ba.

To, sai batun giya, wanda shi ne ya fi ɗaukar mini hankali, don a nan ake gane wanda ya san mashin ɗinsa. Boxer ɗin da nake hawa giya 4 gare shi. In ina tafe a ta huɗu na hango danja ko cunkoso, abu na farko shi ne in saki totur tun daga nesa. Injin da kansa zai fara riƙe babur, musamman irin injinan yanzu masu bugu huɗu. Tsohon Jincheng ɗina mai bugu biyu, wanda yake tafe yana hayaƙi, bai da wannan riƙon sosai. Sai in taɓa birki ko da ba na buƙatarsa tukuna, saboda riƙon inji ba ya kunna danjar baya, wanda ke bina bai san na fara ragewa ba sai ya ga ja. Da gudu ya sauko, kunne ya ji injin ya fara yin ƙasa, sai in matse kuloci, in dawo ta uku, in saki kulocin sannu a hankali. Ya ƙara saukowa, in dawo ta biyu. Giya ta ɗaya ba na shiga sai babur ya koma kamar tafiyar ƙafa. A nawa, ta uku tana daidai da wajen kilomita 30 a awa, ta biyu wajen 20 ko ƙasa, amma da yake rabin baburan garin nan allurar gudunsu ta daɗe da mutuwa, kunne ne abin dogaro.

Dalilin bi ɗaya bayan ɗaya shi ne kowane lokaci giyar da kake ciki ta dace da gudun da kake yi. In danja ta saki kafin ka iso, ko ka ga wata kafa da za ka kauce, murɗa totur kawai za ka yi babur ya amsa. Wanda ya matse kuloci tun daga nesa ya zo a ta huɗu, in hanya ta buɗe ya saki, sai injin ya yi ta kakari ko ya mutu a tsakiyar mahaɗa, ana ta zuba masa hon. Wanda kuma ya zubo giya biyu ko uku a lokaci guda yana cikin gudu ya saki kuloci farat ɗaya, injin zai yi kururuwa, tayar baya ta yi tsalle ko ta ƙame kamar an taka birki, ga sarƙa da haƙoran giya suna shan wahala a banza. Akwai 'yar dabarar da ke sa sauyin ya yi laushi: a daidai lokacin da kuloci yake matse, ka ɗan zungura totur, vum, don injin ya tashi ya tarbi ƙaramar giyar. Samari suna yin ta don a ji su a layi, amma asalinta abin amfani ne. In ba ta zauna maka ba, sakin kuloci a hankali ma ya wadatar. Masu roba-roba, da ba su da kulocin hannu, su ne ya fi kamata su jira gudu ya sauko sosai kafin su taka, don ba su da abin da za su tausasa fizgar da shi.

Ban kuma ce a mai da giya birki ba. Bakanikena ya taɓa faɗa mini wata magana yana cikin canza mini shu ɗin birki, ya ce, "Malam, wannan da kake gani kuɗin shayi ne. Amma ranar da muka buɗe inji, sai ka taɓa kuɗin cefane." Birki ne mai tsayarwa, giya rakiya take yi.

Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, wata ɗabi'a ta ƙara yawa: mutum ya tako gangarar gada sai ya jefa babur a firi, wani ma ya kashe makulli, wai yana tattalin mai. Na san zafin aljihu, ni ma a gidan man nan nake bin layi. Amma man da babur mai cc 100 yake sha in an saki totur bai taka kara ya karya ba, abin da aka bayar a madadinsa kuwa babba ne, domin an rasa riƙon inji, an bar wa birki aikin shi kaɗai, kuma in wani abu ya ɓullo ba yadda za a yi a fice da sauri.

Wannan ce ma ta sa ko a tsaye nake ba na gaggawar komawa firi. A irin nawa firi yana can ƙarshe, bayan ta ɗaya, in ka yi ta bugawa da dunduniya ba ƙirge sai ka zarce cikinsa, don haka ina ƙirgawa. Ina tsayawa a giya ta ɗaya, kuloci a matse, ƙafar hagu a ƙasa, ta dama a kan birki don danja ta zauna a kunne, in bar tazarar da zan iya ganin tayoyin motar gabana har ƙasa, in kuma ɗan karkata gefe guda. Ido kuwa yana kan madubi, abin nan da samari suke cirewa ranar da suka sayi mashin wai yana ɓata masa kyau. Sai na ga mota ɗaya ko biyu sun tsaya a bayana sannan nake hutar da hannu.

Wata safiya a damina, na goyo 'yar autata zan sauke ta a makaranta, muna tsaye a wata mahaɗa a titin BUK, sai na hango wata motar ɗaukar kaya a madubi tana tahowa, kuma yanayin tahowar bai yi kama da na mai shirin tsayawa ba. Ban yi wani tunani ba. Na saki kuloci na zura ta gefen motar da ke gabana, ko tsawon tabarma biyu ban yi ba na ji ƙarar. Ta daki bayan motar nan, daidai inda muke tsaye. Allah Ya taƙaita, ba wanda ya ji ciwo, sai fitilu da suka tarwatse da hayaniyar da ta biyo baya. Yarinyar ta ce, "Abba, me ya fashe?" Na ce mata fitilar mota ce. Da na sauke ta sai da na zauna a kan dakalin wani mai shayi na kusan minti 10 kafin ƙafata ta daina rawa. Tsarewa ta Allah ce, ban isa in ce dabarata ba ce. Amma na sha auna abin: da a firi nake, sai na matse kuloci, na laluba giya, sannan in tashi, ita kuwa giyar babur ba ta cika son shiga ba in taya ba ta motsi.

In kuwa abin na gaggawa ne, yaro ya ɓullo daga lungu ko Adaidaita ta tsaya maka a hanci, to ka manta da duk wancan tsarin na ɗaya bayan ɗaya. Saki totur, birki biyu tare, matse kuloci kada injin ya mutu, babur a miƙe, ido a kan inda kake son bi. Giya ta jira. Lissafin a nan ba ya da tausayi. A gudun kilomita 60 kana cinye kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, tun kafin hannunka ya kai ga birki. Kuma in ka ninka gudu sau 2, nisan da birki yake buƙata sau 4 yake ninkuwa. A Indiya, inda ake ƙera yawancin baburan nan, tun 2019 doka ta wajabta wa waɗanda suka haura cc 125 na'urar ABS mai hana taya ƙamewa, ƙananan kuma aƙalla birkin da ke haɗa gaba da baya. Nawa ba shi da ko ɗaya, yatsuna ne na'urar.

Sai yashin kawu. A kan rairayin da iska ke tarawa a bakin titi, ko kwaltar da ruwan farko ya jiƙa ya taso da maiƙon da ya kwanta tun rani, ko cikin kwana babur a karkace, tayar gaba ba ta da riƙon da za ta ba ka, kuma in ita ta zame ba a cika ceto ta ba. A nan ana sassauta hannu, a fi jingina da ƙafa, ragewar kuma a gama ta tun kafin a shiga. Shataletale ma haka, giyar da zan zagaya da ita tun daga waje nake shigarta.

Babban ɗana ya cika 18 bana, shekarun da doka ta yarda a ba mutum lasisi, kuma tun kafin azumi yake zagaye makullin nan da ido. Uwarsa ta ce ita dai ba da yawunta ba. Ranar Lahadi da sassafe nakan kai shi wani fili a bayan unguwa, in jera robobin ruwa guda biyu, in ce ya taho a giya ta uku ya tsaya tsakaninsu, a ta ɗaya, ƙafar hagu a ƙasa, injin bai mutu ba. Makon farko ya wuce su da kusan taku 10, yana jan tayar baya. Ya ce, "Abba, ai abokaina duk da ƙafa suke tsayawa." Na ce ya koma ya sake. Makon jiya ya yi sau 8 a jere bai kuskure ba, har ya fara zungura totur yana satar kallona. Lahadi mai zuwa zan hau bayansa, don ya ji yadda nauyin mutum biyu yake ƙara wa tsayuwa nisa, daga nan kuma mu gwada a kan yashi.