Tsakanin Ajiyar Hatsi Da Ɓoyonsa

Tambayar da 'yan kasuwar Sabon Gari da ma'aikata mazauna Chikaji suka fi kawo mini ita ce: wanda ya sayi hatsi da kaka ya ajiye, shin ya faɗa cikin ihtikari, watau ɓoyon abinci da Shari'a ta hana?

Malamanmu na Malikiyya sun rarrabe. Manomin da ya ajiye abin da ya noma ba mai ɓoyo ba ne, haka nan wanda ya saya lokacin yalwa ba tare da ya cuci kasuwa ba. Laifin yana kan wanda ya kwashe abinci jama'a na cikin ƙunci, yana jiran ya ƙara tsada. Ni ma tsorona ya fi yawa ga ƙarancin ajiya ta gaskiya.

Ku dubi abin da ya faru. Bayan janye tallafin man fetur a 2023 masara ta yi tsada ƙwarai, har a Yulin 2024 gwamnati ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. A 2025 hatsi ya faɗi, taki kuwa bai sauko ba. Mai albashi ya yi hamdala, ban ga laifinsa ba. Amma manomin da buhun masararsa ya kasa sayen buhun taki zai rage gona, mai albashin nan kuma shi zai biya daga baya.

Ilmin noma ba mu rasa shi ba. Ga Samaru nan kusa da mu, inda ake binciken noma tun 1922, inda kuma a 2019 aka fito da wake SAMPEA 20-T mai jure tsutsa. To, ina amfanin iri mai albarka in yalwarsa ce za ta karya mai shi? Annabi Yusufu, alaihis salamu, da ya fassara mafarkin Sarkin Masar, bai tsaya ga umurnin noma shekara bakwai ba. Ya ce a bar hatsin cikin zangarniyarsa. Haka kakanninmu ke zuba dammunan dawa a rumbu. Kamata ya yi hukuma ta yanke farashin da za ta saya da kaka tun kafin shuka, ta ajiye, ta fitar da marka.

Ku kuma 'yan kasuwa, ga cinikin salam da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya tarar mutanen Madina na yi ya tabbatar da shi. Ka biya manomi kuɗi lakadan da bazara ya sayi taki, a ambaci irin hatsin da awonsa da lokacin karɓa, a rubuta gaban shaidu. Wannan dabam yake da ba shi rancen buhu ɗaya da damina ka karɓi biyu da kaka, wanda riba ce tsantsa.