Tsamiyar Da Ke Cikin Kasko

Tun daminar 2018 nake renon tsamiya a cikin kasko a gidanmu da ke Jushi. Ƙwallonta na tsinta a gindin tsohuwar tsamiyar ƙofar gida, ranar da aka sare ta don gina shaguna. Ba ni da filin dasa mata magajiya, sai na ari dabarar mutanen Japan da ake kira bonsai, wadda su ma daga Sin suka samo ta: a reni itace a ƙaramin mazubi, ana datse saiwa da rassa, har ya yi kamannin tsohuwar bishiya alhali bai wuce kamu biyu ba. A can suna ji da itacen mepul, amma shi sai ya yi barcin hunturu mai tsanani, sanyin Zariya kuwa bai kai masa ba. Tsamiya ce tamu, ga ta da ƙananan ganye.

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na ɗauki maganar da zafi. Duk reshen da ya ɓullo a ƙasa sai in sa masa almakashi, na sama kuma in naɗe su da waya. Bayan shekara 3, sanda na samu: kaurin gindi da na kai duk ɗaya, ga tabon wayar da na manta ban kwance ba.

Wani dattijo mai sayar da dashe a Samaru ya dube ta ya ce, “Malam, ka hana ta ci, kuma kana so ta yi ƙiba?”

“To Baba, yaya zan yi?”

Ya ce ganye ne ke dafa wa itace abinci, reshe kuma abin da ke ƙasa da mahaɗarsa yake ƙara wa kauri. In ana son gindi ya buɗe, sai a ƙyale reshen ƙasa ya yi ta haukansa, a yanke shi daga baya. Kan kuwa a datse shi daidai wani ɗan tsiro, shi zai zama sabon kai, siriri.

Datse kan ya fi yi mini wuya. Kwana 2 ina kewaya kaskon kafin na iya.

Yanzu reshen ƙasan ya fi uwar tsawo, ba kyan gani, har yana kama kayan shanya. Inna ta ce ko in yanke shi ko ta sa yara su karya. Na roƙe ta damina ɗaya. Jiya na zagaya gindin da zaren da na auna shi bara, bakin zaren bai haɗu ba.