Sa Hannu a Takardar 'Yan Wasa

A 2009, lokacin da Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, ina ɗalibi a sashen motsa jiki da ilimin kiwon lafiya na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Har a Kaduna da Kano aka buga wasannin, don haka a Samaru ba a hirar komai sai ƙwallo. A gasar ne FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannun 'yan wasa da na'urar MRI don kama masu rage shekaru.

Muna ta zagin hukumar ƙwallo a aji kan batun rage shekaru, sai malamin da ke koya mana tsara gasa da alƙalanci ya tsayar da mu. Ya tuna mana cewa tun a 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda ranakun haihuwar wasu 'yan wasa sun saɓa. Sannan ya ce, "'Ya'yana, ƙaryar nan daga sakandare take farawa. Wa yake sa hannu a takardar farko? Malamin wasanni. Wato ku ke nan."

Bai cika mu da rubutu a allo ba. Fili yake kai mu da yamma, ya miƙa maka usur daidai ranar da abokin ɗakinka yake buga baya, ya koma gefe ya naɗe hannu. In ka kau da kai ga ƙeta, a gaban kowa zai tambaye ka dalili. Har yau ban ga darasin da ya kai wannan nauyi ba.

Da aka tura ni gwajin koyarwa a wata sakandare, gasar makarantu ta taso. Ana gobe wasa shugaban makarantar ya kira ni ofis. Samari uku ne zaune, 'yan wani kulob na cikin gari, har an ɗinka musu yunifom.

"Malam, sa sunayensu. Kowa ma da sojan haya yake zuwa."

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani yaro ɗan aji biyar, mai tsaron raga. Kullum shi yake fara isowa atisaye, da silifas, ya cire su ya shiga raga babu safar hannu. Shi za a ajiye a benci.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini haƙuri. Hannuna ba zai hau takardar nan ba."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya sallami samarin, ya ce duk abin da ya faru ni na jawo. Yaranmu suka buga, aka cire mu tun a wasan farko. Shugaban bai ƙara amsa gaisuwata da sakin fuska ba har na gama wa'adina. Shi kuwa mai tsaron ragar, washegari ya kawo mini ƙannensa biyu, ya ce in rubuta su a atisaye.