Motar da Baba ya bari

Shekara uku ke nan ni da makanisiye muna shafe kowace Lahadi a ƙarƙashin Peugeot 504 Coupé ta marigayi mahaifina, a tsakar gidanmu na Damagaram. Kayan inji ba su yi wuya ba, domin injinta mai silinda 4 ɗan'uwan na 504 ɗin da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna ne. Jikin ne matsalar: Pininfarina ya zana shi a Italiya, an daina ƙera motar a 1983, fitilar bayanta kuwa ko a Kano ban samu ba. Guda ɗaya daga Faransa ta cinye rabin albashina, maiɗakina ta ce in sayar in huta.

Ranar da injin ya tashi, Inna ta fito bakin ƙofa ta daɗe a tsaye, sannan ta ce da wannan ƙarar take gane Malam ya dawo daga Yamai.