Magana a kan mujiya da gwara a lokacin ɗari

Bayan haka, ya kai mai karatu, Allah ya yi maka rahama, ka sani babu lokacin da ya kai hunturu dacewa da duban tsuntsaye a ƙasarmu. Shamuwa ta yi ƙaura, gero da dawa sun shiga rumbu, makiyaya sun saki shanu cikin kara, itace ya zubar da ganye, abin da yake ɓoye bisansa ya bayyana.

In ka zauna da hantsi bakin ruga tsakanin Tsafe da Gusau, gwara za ka fara gani, ta kumbura gashi saboda ɗari, tana tsintar tsaba a masussuka. Belbela na biye da shanu, carki na bisa doronsu yana cirar kaska. Akwai kuma wata 'yar tsuntsuwa mai rawayan ciki, mai yawan kaɗa wutsiya tsakanin kofatai. Wannan baƙuwa ce, daga Turai take ƙetaro Sahara ta ci rani wurinmu, kafin damina ta koma.

Amma mujiya ce dalilin wannan rubutu. Mutanenmu sun ɗora mata baƙin jini, suna cewa mayya ce, in ta yi kuka bisa ɗaki to wani zai mutu. Larabawan jahiliyya ma haka suka ƙudurta, har Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kore wannan camfi, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Mun karanta, mun karantar, yara ba su bar jifa ba.

To ga abin da ido ya gani. A gindin tsohuwar kuka mai kogo, wajen Kwatarkwashi ta ƙasar Bungudu, na sha tsintar dunƙulen da mujiya take amayarwa, domin ita haɗiye abin kamunta take yi ɗungum, daga baya ta fitar da abin da bai narke ba. In ka farfasa da tsinke, gashin ɓera za ka tarar, da ƙasusuwansa da haƙoransa. Ko ƙwayar hatsi ɗaya ban taɓa samu ba. Fukafukanta ba su da amo, kunnenta yana jin motsin ɓera cikin duhu, sai ta kwana tana gadin rumbun wanda zai jefe ta da safe. Gwara kuwa kullum cikin hatsinmu take, jan baki yakan share gona ɗungurungum, ba wanda ya kira su mayu.

Yanzu wannan zama na bakin ruga ya yi wuya. Tun wajen 2011 satar shanu ta tsananta a Zamfara, rugage da ƙauyuka suka watse, har a Satumba ta 2021 aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako. Waɗanda suka tsira suka shigo Gusau, ban ji ko ɗaya ya ce kukan tsuntsu ya gabaci musibarsa ba. Rugugin babura suka ji. 'Ya'yansu da suka tashi cikin gari ba su rarrabe carki da belbela.

Mujiya dai tana nan cikin gari, a rufin tsoffin gine-gine da kogon itace. In ka ji ta bayan isha'i, kira yaranka su tsaya nesa su duba, kada a dalle mata fitila, kada a ɗauki dutse, da safe ku je gindin wurin da tsinke.