Kuɗin adashena da na'urar yaron nan

Yawancinmu iyaye mata, da mun ga yaro ya kwance rediyo ko fitilar caji, sai mu ce ɓarna ce. Ɗan fari na gidanmu (ku yi mini uzuri, ba na kama sunansa) ya shekara biyu yana irin wannan ɓarnar. Duk Asabar yakan bi kawunsa daga Unguwar Dosa zuwa Panteka, ya tsinto matattun caja da allunan rediyo, ya tayar da wanda zai tashi da 'yar mitarsa ta awon lantarki.

Bana ya ce osiloskof yake so. Ya ce, "Umma, mita lamba ɗaya take ba ni. Wannan kuwa tana zana yadda wuta ke hawa da sauka." Nan take na fahimta, don aikina ke nan a asibiti. Ƙirga bugun jini da yatsa daban, ganin zanen zuciya a na'urar ECG daban. Bugun mutum kan yi 80 a minti, amma zanen ya nuna akwai matsala.

Kwasar adashena na yi niyyar sayen atamfar Sallah da ita. Na haƙura, muka sayi ƙaramar osiloskof mai batir, girmanta bai fi waya ba.

Abin da ya fara nuna mini, ta ƙaramar taransfoma mai sauke wuta zuwa bolt 12, shi ne bambancin wutar NEPA da ta inbatarmu. Ta NEPA tana lanƙwasa sumul, sau 50 a daƙiƙa. Ta inbata kuwa kamar matakalar bene. Ashe shi ya sa fankarmu ke gurnani da dare.

Na kafa masa sharuɗɗa. Ba ya kai na'urar soket kai tsaye, don bolt 230 na kisa. Kafasita tana riƙe wuta ko an zare filogi, sai kawunsa na nan zai buɗe inbata. Yana narka dalma, taga a buɗe, kuma ya wanke hannu kafin cin abinci. Ƙananan batura masu kama da maɓallin riga suna cikin gwangwani mai murfi, don in ƙanwarsa ta haɗiye ɗaya zai iya ƙona mata maƙoshi cikin sa'o'i kaɗan.

Yanzu maganarsa kullum Kaduna Polytechnic. 'Yan uwa, kafin ku share tarkacen yaro, ku tambaye shi me yake haɗawa. Allah ya raya mana su.