Ƙyallen Hemis

A 2004 ina karatu a Indiya wani abokin ajinmu ɗan Ladak ya ja ni garinsu hutu. Kwana biyu muka yi a mota daga Manali zuwa Leh. Garin yana bisa tudu wajen mita 3,500, sai da na kwana uku ina haki kamar wanda ya yi tsere da doki.

Da asuba muka nufi Hemis, gidan ibadar mabiya Buddha da ke lungun dutse, tafiyar kilomita 45 daga Leh. Kowace shekara suna bikin haihuwar Padmasambaba, malamin da ya kafa addinin a Tibet. Na je da ɗar-ɗar a zuciya, don ni ɗan makarantar allo ne. Aka busa wasu ƙahoni dogaye, sai na tuna kakakin fada ranar Sallah. Limamansu suka fito sanye da fuskokin dodanni da riguna masu nauyi, suna rawa a hankali, taki ɗaya sai juyi, ganga na bin ƙafarsu. Rawar ibada ce a wurinsu, ba wasa ba.

Ashe na taki sa'a. Sau ɗaya a shekara 12, a shekarar biri ta lissafinsu, ake sauko da wani ƙaton ƙyalle mai surfanin hoton malamin, ya rufe bangon bene. Kusa da ni akwai wata tsohuwa da carbi a hannu. Ko rawar ba ta kalla ba, idonta na kan ƙyallen, hawaye na zuba. Abokina ya tambaye ta, ta ce wannan ne ganinta na shida, kuma ba ta sa ran na bakwai. Ta zuba min shayinsu mai man shanu da gishiri, da ta ji lokacin azahar ya yi mini ta sa jikanta ya nuna min rafin da zan yi alwala.

Imanina bai motsa ba, amma tun ranar na daina yi wa ibadar wani dariya. La'asar a babban masallacin kasuwar Leh na yi ta.

An sake sauko da ƙyallen a 2016, ina gida ina fama da hidimar iyali. Sai kuma 2028, ga mai rabon gani.